Gwanjon kifin ado: alhakin mai sayarwa ne, ko na wanda bai killace ba?

Ɗan Bagalam:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure na masu kiwon kifin ado a Maraɗi. Na daɗe ina juya maganar nan a raina kafin in rubuta ta, domin ba na so a ɗauka cewa ina neman ɓata sunan wani ne, amma abin da ya same ni ya kai a tattauna shi a fili. A gwanjon da muka yi ranar Lahadi, makonni biyu da suka wuce, na sayi leda biyu na ƙananan kifin ado, ɗaya mai irin da ake kira gupi guda 6, ɗaya mai irin moli guda 4, duka a kan jaka 4 da rabi. Da na isa gida a unguwar Bagalam na ɗora ledojin a kan ruwa na ɗan lokaci kamar yadda aka koya mana, sannan na kwance su na juye kifin tare da ruwansu a cikin babban akwatina na gilashi mai lita 120, wanda na shekara biyu ina hidimarsa. Ranar kwana na biyar na ga molin suna goga jikinsu da duwatsu, washegari kuma fararen ɗigo-ɗigo suka feso musu a wutsiya da fikafikai kamar an barbaɗa musu gishiri. Zuwa safiyar yau na kwashe gawa 17, har da kifin anjel biyu da na raina tun ba su kai faɗin farce ba. Tambayata ita ce: wanda ya kawo kifi gwanjo ba shi da alhakin komai ke nan, da zarar kuɗi sun shiga hannunsa?

Mai gupi na Zariya:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, ko da ba ka ambaci suna ba, duk wanda ya halarci gwanjon ya san ledojin nan nawa ne, saboda haka gara in fito in yi magana da kaina. Allah ya mayar maka da alheri, na san zafin rashin kifin da mutum ya raina da hannunsa. Sai dai ina so a shaida cewa ka ɗaga ledojin nan ka duba su a rana, wasu ma sun duba, babu wanda ya ga ɗigo ko ɗaya. Gupin nan a gidana aka haife su, iyayensu suna nan lafiya ƙalau, kuma ƙofata a nan unguwar Zariya ta Maraɗi a buɗe take ga duk mai son ya zo ya gani, domin gani ya kori ji. Ban ga yadda za a ɗora mini mutuwar kifin da ya bar hannuna da lafiyarsa ba.

Malamin kimiyya:
Kafin maganar ta koma ta wane ne mai laifi, ina roƙon a ba ni dama in bayyana yadda cutar take, domin mai yiwuwa ne ku duka biyun gaskiya kuke faɗa. Abin da ƙanenmu ya kwatanta shi ne cutar farin ɗigo, wadda wata ƙwaya mai suna Ichthyophthirius multifiliis ke haddasawa. Ɗigon da ido ke gani ƙwayar ce da ta kutsa ƙarƙashin fatar kifi tana ci tana girma. Idan ta ƙoshi sai ta saki kifin ta faɗa ƙasa, ta manne a kan dutse ko ganye ko gilashi, ta yi wa kanta kwanso, ta yi ta rarrabuwa a ciki har ta zama ɗaruruwan ƴaƴa. Kwanson ya fashe, ƴaƴan su bazu cikin ruwa suna neman kifi, kuma wanda bai samu ba cikin kamar kwana biyu mutuwa yake yi. Magani ba ya iya taɓa ta tana ƙarƙashin fata, ba ya iya taɓa ta tana cikin kwanso, sai a wannan ɗan lokaci da ƴaƴan ke yawo a ruwa.

Abin da ya shafi gardamarku shi ne, ƙwayar tana iya zama a wurin numfashin kifi, ƙarƙashin murfin da ke gefen kansa, inda babu idon da zai gan ta ta cikin leda. Kifi mai ƙarfi yana iya ɗauke da ƴan kaɗan bai nuna komai ba, sai an wahalar da shi da kamu da leda da hayaniyar gwanjo da canjin ruwa, ƙarfin jikinsa ya ragu, sannan ta samu ƙofa. Ku tuna kuma muna cikin hunturu, da dare sanyin Maraɗi yana sauka ƙasa da digiri 18, wani lokaci ƙasa da 15, kuma gupi da moli da anjel duk kifayen ruwan ɗumi ne da suka fi jin daɗin digiri 24 zuwa 28. Saboda haka dubawa a rana da aka yi ba hujja ba ce cewa babu cuta, kamar yadda fitowar cutar ba hujja ba ce cewa mai sayarwa ya san da ita.

Hajiya mai kaji:
Malam ya yi bayanin ilimi, ni kuma bari in yi na kiwo. Ɗana, in tambaye ka tsakani da Allah: da zakara ka saya a kasuwa cikin wannan sanyi, za ka shigo da shi ka sake shi tsakiyar kajin gidanku a ranar? Ko mahaifiyarka ba za ta yarda ba. Kowace mace mai kiwo a garin nan ta san kazar kasuwa ɗaure ta ake yi a gefe, ta ci daban, ta sha daban, har a ga yadda take kashi da yadda take numfashi, domin mun sha ganin kaza ɗaya ta share akurki cikin mako guda. Mai sayen jar akuya ma haka yake yi. To me ya sa idan aka zo kan kifi, wanda ya ma fi kaza rauni, kuma duk suna shaƙar ruwa ɗaya ne, sai mu manta da abin da muka gada? Ban ce mai sayarwa ya fita ba, amma ruwan ledar nan da ka juye a akwatinka shi ya fi tsaya mini a rai.

Ɗan Bagalam:
Hajiya, na karɓi faɗan, uwa ce ta yi. Amma ina roƙon a dubi halin irinmu masu ƙaramin ƙarfi. Akwatin gilashi ɗaya na mallaka, shi ma sai da na yi watanni ina tari. Idan aka ce sai mutum yana da akwati na biyu da matatar ruwa ta biyu da famfon iska na biyu kafin ya sayi kifin jaka ɗaya, ai an ce gwanjo na masu hali ne kawai.

Hajiya mai kaji:
Wa ya ce maka sai gilashi? Ni a robar wanki nake killace nawa, sabuwa fil mai cin lita 40 zuwa 50, wadda sabulu ko omo ko mai bai taɓa shiga cikinta ba. Ba na zuba yashi ko tsakuwa a ƙasanta, domin in riƙa ganin kashin kifin da ragowar abinci in zuƙe su da tiyo kowace safiya. Ina jefa tsingaro biyu ko guntun bututun roba don su samu wurin ɓuya, in rufe bakin robar da gidan sauro saboda moli akwai tsalle, kuma ƙadangaru da kyanwa ba su da amana. Abin da mutane ke mantawa shi ne kayan aiki: ragar kamu, tiyo, bokiti, duk na robar daban ne, na ɗaura musu jan ƙyalle don yara kada su haɗa. Kuma idan zan yi hidima, babban akwati nake fara yi, robar baƙi ita ce ta ƙarshe, sannan in wanke hannu in bar shi ya bushe. Ɗakin da robar take ba a fesa maganin sauro a cikinsa, wannan kuwa na koye shi ne da asara. Kuɗin duk abin nan bai kai na anjel ɗinka ɗaya ba.

Ɗan kasuwa mai zuwa Kano:
Jama'a, ni ina ganin ana tsawaita abin da bai kai ba. Shekara da shekaru ina ɗauko kifi daga Kano, in bi ta Katsina da Jibiya in shigo ta Ɗan Isa, kuma dabarata ɗaya ce. Da na sauke su sai in ɗiga musu shuɗin magani har ruwan ya yi kamar baba, in fasa kafso ɗaya na tetarasakilin in zuba, in ƙara ɗan gishiri, bayan kwana uku in sake su. Rigakafi ya fi magani, in ji masu iya magana. Wa ke da haƙurin zaman wata guda yana kallon kifi a roba? Abin da dai ban gane ba shi ne, wani lokaci kifi yakan iso da ransa bayan doguwar tafiya, in buɗe ledar in yi ta ƙara masa ruwan gida kaɗan-kaɗan na tsawon awa guda don ya saba, amma kafin magariba ya kife. Malam, mene ne dalili?

Ma'aikacin jinya:
Alhaji, da girmanka, zancen kafso ɗin nan ba zan iya barinsa ya wuce ba. Tetarasakilin maganin bakteriya ne, ita kuwa ƙwayar farin ɗigo ba bakteriya ba ce, saboda haka ko kwali guda ka fasa ba zai yi mata komai ba. Abin da kake yi shi ne ba bakteriyar da ke cikin ruwan ɗan abin da bai isa ya kashe ta ba, har ta saba da shi, sannan ka zubar da ruwan a kwata. Mu da ke aiki da marasa lafiya muna ganin sakamakon irin wannan sabo a jikin mutane, inda maganin da ke aiki a da ya daina. Rigakafin da masu iya magana ke nufi shi ne killacewar da kake gudu, ba zuba magani a makance ba.

Tun da na samu fili, bari in ƙara wani abu da ya shafi lafiyar mu kanmu. Akwai wata bakteriya, Mycobacterium marinum, dangin wadda ke kawo tarin fuka, tana zama a jikin kifi ta sa shi ramewa a hankali, wani lokaci ƙashin bayansa ya lanƙwashe. Idan mutum yana da yanka a hannu ya tsoma shi a ruwan, tana iya shiga ta fito masa da ƙurji mai taurin kai bayan makonni, wanda ba ya jin maganin da aka saba sha. Duk wanda ya ga haka ya gaya wa likita cewa yana kiwon kifi, domin ba kowane likita zai kawo wannan a ransa ba. Kifin da ya rame cikinsa ya shafe, kada ku taya shi a gwanjo komai arharsa.

Malamin kimiyya:
Alhaji, tambayarka ta biyu tana da kyau ƙwarai. Kifi a cikin leda yana fitar da abubuwa biyu: iskar da yake numfasawa, da kuma amoniya, wani sinadari mai dafi. Iskar numfashin tana taruwa ta sa ruwan ya yi ɗan tsami, kuma a ruwa mai tsami yawancin amoniyar tana komawa wani nau'i da ba ya cutarwa sosai. Da zarar ka kwance bakin ledar iskar nan ta fice, tsamin ya ragu, ka kuma ƙara ruwan gida, sai amoniyar da ta taru tun daga Kano ta koma nau'inta mai dafi, ta ƙone wa kifin wurin numfashi yana zaune a ciki awa guda. Zafi yana ƙara mata ƙarfi. Don haka kifin da ya yi doguwar tafiya, daga Kano ne ko daga Yamai da ke da nisan fiye da kilomita 600, a ɗora ledar a rufe a kan ruwa minti 15 zuwa 20 don zafinsu ya daidaita, a kwance, a tsame kifin da raga a saka shi a roba, ruwan ledar kuma a zubar a ƙasa. Ƙara ruwa kaɗan-kaɗan ya dace ne da kifin da bai wuce awa ɗaya ko biyu a leda ba, irin na gwanjonmu, shi ma a cikin bokiti, ba a cikin akwati ba.

Game da shuɗin magani, wato metilin bulu, yana da amfaninsa, musamman ga ƙwai da kifin da amoniya ko nitirit ya galabaita, amma yana kashe bakteriyar kirki da ke cikin matata. Ita wannan bakteriyar ce ke mayar da amoniya nitirit, ta mayar da nitirit nitirat mai sauƙin dafi, kuma sabuwar matata takan ɗauki mako 4 zuwa 6 kafin ta tara isasshiya. Wannan shi ne ramin da masu killacewa da yawa ke faɗawa: su sa kifi goma a sabuwar roba marar matata, amoniya ta kashe su cikin mako, su ce cuta aka sayar musu. Dabarar ita ce a ajiye guntun soso a cikin matatar babban akwati tun wata guda kafin gwanjo, ranar da aka kawo baƙi a ɗauko shi a sa a robarsu da famfon iska. Idan an gama kada a mayar da shi sai an tafasa shi ko an shanya shi ya bushe ƙarau. Wanda ba shi da soson, ya rage yawan kifin, ya rage abinci, ya riƙa canja kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan kullum ko bayan kwana biyu, da ruwan famfon da ya kwana ɗaya ko biyu a buɗe don sinadarin kulorin ya fice.

Ɗan kasuwa mai zuwa Kano:
Maganar leda na fahimta, kuma ta yi daidai da abin da nake gani, domin sun fi mutuwa idan an tsaya daɗewa a kan iyaka. Amma wata guda ɗin nan har yanzu ban gamsu ba. In cutar tana fitowa cikin kwana biyar, kamar yadda ta fito wa yaron nan, me ya sa mako guda ba zai isa ba?

Malamin kimiyya:
Saboda zagayen rayuwarta da zafin ruwa yake tafiya, Alhaji. A digiri 25 takan gama zagaye cikin kusan mako guda, a ruwan sanyi kuwa takan ɗauki makonni, shi ya sa robar da ba ta da na'urar ɗumama ruwa a watan Disamba tana iya ɓoye maka ita fiye da robar watan Afrilu. Kuma ba ita kaɗai ake jira ba. Akwai ƙananan tsutsotsin fata da na wurin numfashi, Gyrodactylus mai haihuwa da Dactylogyrus mai yin ƙwai, waɗanda sai sun yi yawa kifin zai fara matse fikafikai yana haki, maganinsu kuma farazikwantel ne. Akwai Camallanus, jar tsutsar ciki da ke yawan kama gupi da moli, wadda mutum ba ya sanin tana nan sai ranar da ya ga jajayen zare suna leƙowa daga duburar kifin, kuma hakan na iya ɗaukar makonni, maganinta lebamizol. Kowace cuta da maganinta, kuma ba za ka san wanda za ka nema ba sai ka zauna ka kalla. Ra'ayina shi ne mako 4 idan ruwan yana da ɗumi, mako 6 idan hunturu ne kuma babu na'ura, sannan duk ranar da aka ga alamar cuta ko kifi ya mutu, lissafi ya koma farko bayan an gama magani.

Almajirin fiƙihu:
Allah ya ƙara wa Malam ilimi. Ni kuma zan koma kan tambayar da aka fara da ita, domin har yanzu ba a amsa ta ba, gwargwadon ɗan abin da na karanta a gaban malamaina. Shi gwanjo, wato a yi ta ƙara farashi har kaya ya tsaya a hannun wanda ya fi, ciniki ne halattacce. Abin da hadisi ya hana shi ne najashi, wato mutum ya riƙa ƙara kuɗi ba da niyyar saye ba, sai don ya zuga wasu su hau, kuma ina roƙon mu ji tsoron Allah a kan wannan, domin ranar Lahadin nan na ga ledar kifin beta da aka kai jaka 7 ta hanyar da ban natsu da ita ba. Game da aibi, idan ya tabbata yana tare da kaya tun kafin ciniki kuma ɓoyayye ne, mai saye yana da zaɓin mayarwa ya karɓi kuɗinsa ko da mai sayarwa bai sani ba, idan kuwa ya sani ya ɓoye, wannan algus ne kuma hukuncinsa ya fi nauyi. Amma kifi 17 da suka mutu ba duka aka saya a gwanjo ba, kuma hannun mai saye ne ya haɗa su. Wannan ɓangaren ba zan yi gaggawar ɗora shi a wuyan kowa ba, sulhu ya fi dacewa da shi. Tambaya ɗaya ce nake ganin za ta warware rabin maganar. Yayanmu na Zariya ya ce gupin a gidansa aka haife su, amma ban ji ya ce komai a kan molin ba, alhali su ne suka fara nuna ɗigo.

Mai gupi na Zariya:
Malam, ka tambayi abin da ya kamata, kuma ba zan ɓoye ba tun da Allah yana gani. Molin ba haihuwar gidana ba ne. An kawo mini su daga Kano kwana 9 kafin gwanjo, na ajiye su a akwatinsu daban, ban ga komai a jikinsu ba, sai na ɗauka sun wuce haɗari. Ban faɗa a wurin gwanjo ba domin babu wanda ya tambaya, ni ma kuma ban ɗauke shi abin faɗa ba. Bayan na karanta bayanin Malamin kimiyya ɗazu na tashi na haska tocila a akwatin da ragowarsu suke, na ga ɗigo a wutsiyar guda biyu. Ƙanena, ka yi haƙuri da zafin da na yi da farko. Kuɗin ledar moli zan aiko maka yau, kuma idan akwatinka ya warke akwai ƴaƴan gupi 10 da na ware maka. Anjel ne ba ni da su.

Shugaban zaure:
Alhamdu lillahi. Wannan ita ce irin maganar da ta sa muka kafa zauren nan, Allah ya yi muku albarka ku duka. Ni ma ina da rabona na laifi, domin ni ke riƙe da gwanjon, kuma na bar mutane suna cinikin biri a sama. Daga gwanjo mai zuwa, kowace leda za a rubuta a jikinta irin kifin da adadinsa, da ko haihuwar gida ne ko saye ne, da kwanakin da ya yi a hannun mai shi. Kifin da bai cika wata guda a hannunka ba kana iya kawo shi, amma sai an faɗa da baki kafin a fara tayi. Za mu buɗe awa guda kafin lokaci don a duba kaya a natse, ledar da aka ga gawa ko ɗigo a cikinta kuma za a janye ta gaba ɗaya. Masu ɗaurin leda su tuna kashi ɗaya ruwa, kashi biyu iska, kada a hura da baki, kuma a daina ba kifin abinci kwana ɗaya kafin ranar don kada ya ɓata ruwansa. A zo da kula ko kwali a jera ledojin a inuwa. Na ga wani ya rataye tasa a madubin babur cikin rana har aka tashi.

Ma'aikacin jinya:
Ranka ya daɗe, ina roƙon a ƙara ganye da katantanwa a cikin dokar. A gwanjon baya an kawo ciyawar ruwa da aka ce daga tafkin Madarunfa aka tsinko ta, an kuma kawo ƴaƴan karfasa da ƙurungu na gulbi. Ban ƙi a yi kiwon kifinmu na gida ba, ƙurungu ma abin sha'awa ne, amma ƙananan katantanwar tafkuna su ne ke ɗauke da tsutsar tsargiya, mai sa fitsarin jini, kuma ta fata take shiga, ga yaranmu kullum hannunsu a cikin akwati. Ganye ma yana iya zuwa da kwanson farin ɗigo manne a jikinsa. A ajiye shi a bokiti marar kifi mako biyu zuwa uku, a tsince duk katantanwar da ta fito. Haka nan wanda oska ɗinsa ya yi masa girma, tun da kifi ne da ke kai santimita 30, ya kawo shi gwanjo, kada ya je ya sake shi a tafki ko gulbi.

Ɗan kasuwa mai zuwa Kano:
Kafso na bari daga yau, amma shuɗin magani sai mun sake zama da Malam. Abin da nake so a yi wa bayani shi ne bazara. Yanzu ana cewa a ɗumama ruwa, to a watan Afrilu da Mayu, da zafin gari ke wuce digiri 40, ga ɗaukewar wuta, robar lita 40 a ɗakin kwano ai tukunyar miya ce.

Malamin kimiyya:
Gaskiyarka, Alhaji, kuma ni da za a bi tawa da an dakatar da gwanjo a waɗannan watanni biyu. Ruwa yana riƙe iskar oksijin kusan miligiram 9 a kowace lita a digiri 20, amma a digiri 30 bai fi 7 da rabi ba, alhali a lokacin ne kifi ya fi bukatarta. Roba mai faɗin baki marar zurfi ta fi bokiti, a ajiye ta a ƙasa a ɗakin da ya fi sanyi, a tanadi ƙaramin famfon iska mai batir, a rage kifi. Kuma a bazara kada a ƙara zafi da sunan magani sai an tabbatar da cutar, domin akwai wata bakteriya, Flavobacterium columnare, mai fito da fari kamar auduga a baki ko gadon baya, wadda zafi ke ƙara wa gudu har ta kashe kifi cikin kwana ɗaya ko biyu. Farin ɗigo ƙwaya-ƙwaya ne a rarrabe, ita kuwa shafe take.

Ƙanena na Bagalam, kai yanzu akwatinka duka ya kamu, saboda haka duka za ka yi wa magani. Ka ɗaga zafin a hankali, digiri ɗaya ko biyu a rana, har ya kai 29 ko 30, ka ƙara iska. Akwatin lita 120 mai duwatsu ruwansa bai fi lita 100 ba, ka auna gishirin girki giram 200, wato giram 2 a kowace lita, ka narkar da shi a bokiti ka zuba shi kashi-kashi cikin kwana biyu. Gupi da moli suna jure gishiri sosai, amma ganye ba ya so, kifi marar ɓawo irin koridora ma yana wahala da shi, idan kana da su ka gaya mini tukuna. Kada ka kuskura ka sa kanwa ko gishirin lasar dabbobi. Gishiri ba ya bin tururi, saboda haka ruwan da ka cika a madadin wanda ya ƙafe ba ya bukatar ƙarin gishiri, sai wanda ka kwashe ka canja. Ka riƙa zuƙe ƙasan akwatin bayan kwana biyu, can kwansunan suke. Kuma idan ɗigon ya ɓace kada ka tsaya, ɓacewarsa na nufin ƙwayar ta sauka ta hayayyafa ne, ka ci gaba aƙalla kwana 10 bayan ɗigo na ƙarshe.

Hajiya mai kaji:
Ɗana, ina da na'urar ɗumama ruwa da ba na amfani da ita a yanzu, ka turo yaro unguwar Ali Ɗan Sofo bayan la'asar ya karɓa, tare da ma'aunin zafi. Ka mayar mini da su a bushe. Shi kuma mai gupi, idan ya aiko maka da guda goman nan, ka san inda za su fara sauka.

Ɗan Bagalam:
Assalamu alaikum. Yau kwana 9 da fara maganin, na ga ya kamata in kawo rahoto. Na karɓi na'urar Hajiya da kuɗin yayana na Zariya, Allah ya saka da alheri. Ba ni da koridora, ganyen kuma na cire shi na sa a bokiti. Kifi biyu sun ƙara mutuwa a kwana uku na farko, daga nan ban sake rasa ko ɗaya ba, saura 11 suna cin abinci. Ranar Talata ɗigon ya ɓace gaba ɗaya, na rubuta kwanan watan a takarda na manna a jikin gilashi na fara ƙirga goma. Jiya da dare wuta ta ɗauke har asuba, ruwan ya sauka zuwa digiri 23, kuma da safen nan na ga ɗigo ɗaya a fiffiken wata macen gupi. Na cire takardar Talata, sai ranar da wannan ya ɓace in manna wata. Malam, gishirin in bar shi a giram 2, ko in kai shi 3?